Buhun Shinkafa da Gurbi a Tabarma: Sharhi a kan Taimakon Masu Raunin Fahimta a Zangon Kumasi

Wata ranar Lahadi, bayan an tashi daga sujada, wata dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai ta tsayar da ni a ƙofar majami'a. Ɗanta yana tsaye a bayanta riƙe da bakin zanenta, ko da yake shekarunsa sun haura ashirin da biyar, gemu ma ya fito masa. Ta ce, "Malam, ina da tambaya. Ran da na mutu, wa zai riƙe wannan?" Na ce mata, "Mma, Allah yana nan." Ta dube ni ta ce, "Na sani Allah yana nan. Ku nake tambaya."

Ban sami abin faɗi ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, shekara da shekaru ina gaishe ta, ina sayen ƙosanta, amma ban san sunan ɗan nan ba. Kowa a unguwa yana kiransa da wani sunan ba'a, ni kuwa na ɗauka ladabi ne in yi shiru kada in kira shi da kome. Tambayarta ce ta sa na zauna in auna irin taimakon da muke yi wa mutane irin ɗanta a Kumasi, mu masu bi da hukuma duka. Ba don in rena ƙoƙarin kowa nake wannan sharhi ba. Sai dai na ga yawancin taimakonmu yana wucewa ta gefen mutumin, bai taɓa shi ba.

Su wane ne muke magana a kansu

Bari mu fara gyara suna, gama yawancin kuskuren daga nan yake tasowa. Mai raunin fahimta shi ne wanda tun yana ƙarami koyo yake yi masa wuya fiye da tsaransa: magana takan yi jinkiri, lissafin kuɗi ya gagara, wani ma sai an daɗe ana koya masa wanka da sa tufafi. Wannan ba hauka ba ne. Taɓin hankali ciwo ne da yakan kama mutum, sau da yawa bayan ya girma, ana kuma yi masa magani. Raunin fahimta kuwa hali ne da mutum zai zauna da shi dukan ransa. Ba ya warkewa da allura, amma mai shi yana koyo, yana ƙauna, yana fushi, yana aiki, in an bi shi a hankali. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Masana sun ƙiyasta cewa wajen mutum 1 cikin 100 a duniya yana da wannan hali. Dalilansa kuwa sanannu ne. Akwai larurar Down, wadda take samuwa sa'ad da jariri ya zo da ƙwayar gado ta 21 guda uku maimakon biyu, kuma tana faruwa a kowace kabila, wajen haihuwa 1 cikin 1,000. Akwai doguwar naƙuda da take hana jariri numfashi a kan kari. Akwai shawarar jarirai in ta yi tsanani ba a kai asibiti ba, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da rashin sinadarin aidin a abincin mai ciki. Ka lura, ya mai karatu, babu maita a cikin jerin nan, babu kishiya, babu zunubin uwa. Da yawa daga cikinsu ma ana iya hana su, shi ya sa awon ciki da haihuwa a asibiti, waɗanda inshorar lafiya ta Ghana ta ɗauke wa mata kuɗinsu tun 2008, suke cikin maganarmu.

Ga ma'aunin da zan yi aiki da shi. Kowane irin taimako zan yi masa tambaya uku. Ana kiran mutumin da sunansa? Yana da wani aiki da ake jiransa ya yi? In uwarsa ta kau, akwai wanda zai riƙe shi?

Ɗakin baya

Zangon Kumasi gari ne na baƙi. Fataucin goro ne ya fara kawo Hausawa ƙasar Asante, suka ƙaru bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896. Daga baya mutanen arewacin Ghana da na Burkina Faso suka biyo, har Aboabo da Asawase da Sawaba da Sabon Zango suka cika. Yawancin mazauna Musulmi ne, mu masu bi kaɗan ne a cikinsu, Hausa ce kuma ta haɗa mu duka a kasuwa da tsakar gida. Kowa ya zo da kayansa, ya kuma zo da tsoronsa. Asantawa suna ce da irin yaran nan *nsuoba*, watau ɗan kogi. Bahaushe yana cewa ɗan ruwa, ko ya ce iskoki sun musanya shi. A wasu garuruwan Kasena da Nankana, a arewa maso gabas, an daɗe ana ɗaukar irin jaririn nan a kan iska ne da ya zo hallaka gida. A 2013 ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya fitar da fim a kan masu haɗa dafin da ake ba irin yaran nan, a shekarar kuma sarakunan yankin suka yi shelar soke al'adar.

A birni ba dafi ake bayarwa ba, ɓoyewa ake yi. Ana barin yaro a ɗakin baya in baƙi sun zo. Ana zuwa sujada a kulle shi. In an tambayi uba 'ya'yansa nawa, sai ya ƙidaya ya tsallake ɗaya. Sau da yawa ma uban ya tafi, ya bar wa uwar laifi da nauyi. Ba na zargin uwar da ta kulle ƙofa, gama in ba ta fita ta soya ƙosai ba, ba za a ci ba, in kuwa ta fito da shi wasu masu saye za su guje ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Laifin yana kan unguwar da ta sa ɓoyewa ta fi fitowa sauƙi. A ma'aunin nan namu, ɗakin baya ya fāɗi a tambaya ta fari.

Neman warkarwa

Amsar da ikkilisiya ta fi saurin bayarwa ita ce, "A kawo shi a yi masa addu'a." Ba ni da faɗa da addu'a. Faɗana da addu'ar da take ɗaukar mutum kamar matsalar da za a kawar. Uwa takan yi shekaru tana yawo daga mai annabci zuwa mai annabci, ta sayi mai, ta sayi ruwa, ta yi azumi, jarin sana'arta ya ƙare. In ba a ga canji ba, sai a ce bangaskiyarta ce ta gaza, ko akwai zunubin da ba ta furta ba. Ta zo da kaya ɗaya, ta koma da biyu.

Mun kuma san inda wannan hanya take kaiwa. A 2012 ƙungiyar Human Rights Watch ta buga rahoto a kan sansanonin addu'a na Ghana, inda ta tarar da mutane ɗaure da sarƙa a gindin itatuwa, ana sa su azumin dole. Rahoton ya fi magana a kan masu taɓin hankali, amma wanda bai san bambanci ba yakan haɗa su duka a igiya ɗaya. A shekarar ce aka kafa dokar lafiyar hankali mai lamba 846, a 2017 kuma hukumar da ke kula da wannan fanni ta yi shelar hana ɗauri, duk da haka a 2022 ƙungiyar ta sāke samun mutane a sarƙa. Da sunan Ubangijinmu ake yin wannan. Ya kamata kunyar ta ishe mu.

A sura ta 9 ta Bisharar Yahaya, almajirai sun ga makaho suka nemi sanin wanda ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Yesu ya ƙi duka biyu. Mu kuwa har yau tambayar almajiran muke yi. Yaro mai farfaɗiya yana bukatar maganin da ake samu a asibitin Komfo Anokye da ƙananan asibitoci, a sha kullum ba fashi. Fasto na gari zai yi addu'a, sa'an nan ya tambaya ko an karɓo maganin wannan wata.

Buhun shinkafa

Yanzu na zo kan abin da ya fi kusa da mu, wanda kuma muke alfahari da shi. A Asokore Mampong, ƙaramar hukumar da aka yanke daga Kumasi a 2012 wadda ta ƙunshi Aboabo da Asawase da Sawaba, akwai makarantar gwamnati mai suna Garden City Special School. Tun shekarun 1970 take koyar da yara masu raunin fahimta, kamar 'yan'uwanta na Dzorwulu a Akra da Twin City a Sekondi. Ana koya musu kula da jiki, da zama da mutane, da sana'ar hannu. Malamanta sun cancanci yabo, gama aikin yana cin haƙuri.

In Kirsimati ta gabato, ikkilisiyoyi da kamfanoni da ƙungiyoyi sukan nufi irin makarantun nan da buhunan shinkafa, da man girki, da sabulu. A jera kaya, a jera yara, a yi waƙa, a ɗauki hoto, a koma gida. Kada a fahimce ni a karkace: yara suna cin shinkafa, makarantun kuma suna bukatarta. Amma mu tambayi kanmu. A cikin waɗanda suka kai kayan, mutum nawa ne ya dawo da sunan yaro ɗaya a bakinsa? Ikkilisiyar da ta hau mota ta je ta ba da kyauta, ta san akwai uku ko huɗu irinsu a gidajen membobinta da ba su taɓa shiga makarantar Lahadi ba? Kyauta tana da daɗin bayarwa domin tana da ƙarshe. Zumunci ba shi da ranar tashi, shi ya sa muke gudunsa.

Ku tuna da Mefiboshet ɗan Jonatan, a sura ta 9 ta littafin Sama'ila na biyu. Nakasarsa ta ƙafa ce, amma darasin ɗaya ne. Yana zaune a ɓoye a Lodebar. Da Dawuda ya ga dama, da ya riƙa aika masa da hatsi kowace shekara, mutane kuwa su yabe shi. Bai yi haka ba. Ya nemi sunansa, ya aika aka kawo shi, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya ba shi wurin cin abinci tare da 'ya'yan sarki kullum. Suna, da dukiya, da gurbi. Mu mun iya aikawa Lodebar. Kawowa gida ne ya gagare mu.

Doka a takarda

Hukuma fa? A takarda Ghana ba ta yi laifi ba. Dokar nakasassu ta 2006, mai lamba 715, ta ce nakasasshe yana da ikon zama cikin danginsa. Ta wajabta wa iyaye su sa yaro nakasasshe a makaranta, ta ce karatunsa kyauta ne, har ta hana kiransa da sunan wulakanci, da hukunci a kai. A 2012 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin nakasassu. A 2015 aka fito da manufar ilimin bai ɗaya, watau kowane yaro ya sami wuri a makarantar unguwarsu. Akwai kason nakasassu a asusun ƙananan hukumomi, wanda ya fara da kashi 2 cikin 100 daga baya aka ƙara. Akwai shirin LEAP tun 2008, mai ba gidajen matalauta ɗan kuɗi, masu nakasa mai tsanani kuma suna cikin waɗanda ya shafa.

Sukata a nan biyu ce. Ta fari, dukan waɗannan ƙofofi an yi su ne domin wanda ya iya magana da cika takarda. Makaho da kurma da gurgu suna da ƙungiyoyi, suna zuwa taro su yi wa kansu magana. Mai raunin fahimta sai an yi masa, mai yi masa kuwa tana bakin kasko tun asuba, ba ta jin Turanci, wataƙila ma ba ta taɓa jin akwai kason ba. Ta biyu, kusan dukan tunanin ya tsaya a kan yaro. To, yaro yana girma. Ya gama makaranta ya koma gida da 'yar sana'ar da ya koya, babu mai ɗaukarsa aiki, babu jari, abin da ya koya ya zube. Shekarun makaranta kaɗan ne, shekarun da suke biye sun fi su yawa nesa. A nan ne tambayar dattijuwar nan take, a nan ne kuma takarda ta yi shiru.

Nkoranza, da wani littafi

Akwai inda aka gwada amsa. A Nkoranza, arewa da Kumasi, wata likita 'yar ƙasar Holan, Ineke Bosman, ta kafa al'ummar Hand in Hand a 1992 domin yara masu raunin fahimta da aka yasar. Suna zaune a ƙananan gidaje tare da masu kula da su kamar iyali. Manyan suna aiki a ɗakin sana'a, suna shirya duwatsun wuya, suna saƙa, baƙi kuma suna sauka a masaukin wurin suna sayen kayan. Ba a sallamar mutum don ya girma. A tambayoyi ukun nan, wurin ya ci. Amma kada mu fake da shi. An gina shi domin waɗanda ba su da kowa, yana kuma dogara ƙwarai da taimako daga ƙetare. Ɗan mai ƙosai yana da uwa, da dangi, da ikkilisiya. In har sai an kai shi nesa kafin ya sami iyali, to, mu ne muka kāsa.

Masu karatun tauhidi a cikinmu sukan ambaci littafin Henri Nouwen mai suna *Adam*, wanda aka buga a 1997 bayan rasuwarsa. Nouwen firist ne ɗan Holan da ya bar koyarwa a jami'ar Harvard, a 1986 ya koma zama a gidan L'Arche kusa da Toronto a Kanada. An ba shi aikin tashin wani saurayi marar magana mai farfaɗiya, ya yi masa wanka, ya sa masa tufafi, ya ba shi abinci. Ya rubuta yadda saurayin ya zama malaminsa. Ƙarfin littafin shi ne ya juya tabarma: wanda ake gani abin tausayi ya zama mai bayarwa. Amma in aka karanta shi a Sawaba, akwai abin lura. Nouwen yana da abokan aiki da suke karɓarsa, yana iya tafiya ya dawo. Mai ƙosai ba ta da mai karɓarta. Akwai kuma hatsarin da masu karatu suke faɗawa, su fara ce da irin mutanen nan mala'iku. Ɗan ruwa da mala'ika duk ɗaya ne a wurina, gama kowannensu ya fitar da mutum daga cikin mutane. Mala'ika ba ya bukatar gado, ko lada in ya yi aiki, ko a tambaye shi abin da yake so. Mutum yana bukata.

Mu kuma tuna cewa a 2020 ƙungiyar L'Arche da kanta ta bayyana cewa wanda ya kafa ta a 1964, Jean Vanier, ya ci zarafin mata da suka zo wurinsa neman shawara ta ruhaniya. Matan ba nakasassu ba ne, amma darasin a fili yake: duk inda raunana suke, kada a bar wani shugaba ya fi ƙarfin tambaya. 'Yan mata masu raunin fahimta su ne suka fi shiga hatsari a gidajen haya, gama mai cutarsu ya san ba za a gaskata su ba.

Abin da Zango ya riga ya sani

Abin mamaki, rabin amsar tana tsakar gidajenmu. A gidan haya na Zango, inda iyali goma suke shan famfo ɗaya, sau da yawa za ka ga irin mutumin nan yana da gurbi. Shi ne mai kai saƙo, mai share gaban masallaci, mai jera kujeru in ana suna ko biki. Maƙwabtanmu Musulmi sun fi mu a nan sau da yawa, gama sahun salla ba ya tambayar mutum ko ya iya karatu kafin ya tsaya. Amma wannan ma yana da aibinsa. Ana sa shi aiki a biya shi da ragowar tuwo. Yara suna binsa da waƙa manya suna dariya. Wani ana tura shi bara. Gurbin yana nan, darajar ce babu. Aikinmu shi ne mu riƙe gurbin mu ƙara masa daraja.

Saboda haka ga abin da nake roƙon ikkilisiyoyinmu. Dattawa su zaga gidajen membobi su san kowa da sunansa, har da na ɗakin baya. Zumuntar mata su yi juyi, kowace ta karɓi uwa yini ɗaya a mako domin ta huta ko ta je kasuwa. Matasa masu ilimi su raka iyaye ofishin jin daɗin jama'a su cika musu takardu. Tela da kafinta da mai wankin mota a cikinmu, kowa ya ɗauki ɗaya, ya koya masa abu ɗaya da zai iya, ya biya shi da kuɗi a hannunsa. A taimaki iyaye su rubuta wasiyya tun suna da rai, a faɗi rabonsa da wanda zai riƙe shi, a gaban shaidu. Fastoci kuma su sāke duba ajin baftisma. In mun hana mutum ruwan baftisma da Jibin Ubangiji don bai iya haddace amsoshi ba, mun mai da alheri jarrabawa. Manzo Bulus, a sura ta 12 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, ya nuna cewa gaɓoɓin da ake gani raunana su ne jiki ba ya iya yi sai da su. In haka ne, ikkilisiyar da babu irin mutanen nan a cikinta ita ce nakasasshiya.

Na koma wurin dattijuwar na tambayi sunan ɗanta. Ta faɗa mini, ta kuma ce tun ran suna ba wanda ya tambaye ta a majami'a. Yanzu shi ne yake raba littattafan waƙoƙi a ƙofa ran Lahadi, ba ya kuma yarda wani ya taɓa su kafin ya iso. Wata Lahadi zazzaɓi ya kwantar da shi, mutane suka yi ta tambaya ina yake. Tambaya biyu ke nan an amsa. Ta ukun tana nan tana jiranmu, dattijuwar kuwa ƙarfinta yana raguwa. 'Yan'uwa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kafin Kirsimati mai zuwa, kafin mu sayi buhu, bari kowace ikkilisiya ta zauna ta amsa mata: ran da ta mutu, wa zai riƙe shi?